Yadda za ki gyara fata ki sayi kayan shafa a Seoul idan ke baƙuwa ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo daga Koriya ta Kudu tambayar ɗaya ce ake ta yi min, wai ya ake yi a shiga asibitin fatarsu, nawa ake kashewa, kuma wane mai ne ya dace a sayo. Na amsa wa mutum ɗaya na amsa wa biyu, sai na ga gara in zauna in jera komai yadda ya kamata a bi shi. Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan, duk harkar nan tasu an gina ta ne a kan fatar mutanensu, fata mai haske, mu kuma baƙaƙe ne, abin da zai yi wa 'yar Koriya kyau cikin kwana uku ke yana iya bar miki tabon da za ki yi wata shida kina fama da shi. Toh duk matakin da za ki karanta a ƙasa da wannan idon na rubuta shi.

1. Shirin gida kafin tafiya

Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza, saboda haka ki fara da wannan tun da wuri, ofishin jakadancinsu na Najeriya yana Abuja. Jirgi kuma babu mai zuwa kai tsaye, sai an yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Istanbul kafin a sauka Incheon, babban filin jirgin Seoul. Ki sauke manhaja uku a wayarki tun kina gida: Naver Map saboda taswirar Google ba ta nuna hanya sosai a can, Papago don fassara (kina ɗaukar hoton rubutun kwalba ta juya miki shi), sai KakaoTalk da yawancin asibitocin ke magana da shi. Kuɗi ki riƙe dala a hannu, katin naira kar ki dogara da shi. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana yawo tsakanin won 1,300 zuwa 1,500, kuma 'yan canjin unguwar Myeongdong sun fi na filin jirgi farashi mai kyau.

Fatar ma tana da nata shirin. Sati guda kafin ranar asibiti ki ajiye duk wani mai da ke saɓule fata, su retinol da masu asid, kar ki yi dilka, kar ki yi halawa a fuska, kar ki goge da kurkum.

Hattara: idan kina shafa man bilicin ko irin haɗin nan da ake sayarwa a roba ba suna, don Allah ki gaya wa likita gaskiya. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, yana sa fata ta yi siriri, leza, wato na'urar da ke gyara fata da haske mai zafi, ta hau kanta ta ƙone. Haka idan kina da juna biyu, kina shayarwa, ko kina shan isotretinoin na kuraje.

2. Zaɓen asibiti

Nan ne ya kamata ki ɓata lokaci. A Gangnam da Sinsa da Apgujeong da Myeongdong da Hongdae za ki ga bene ɗaya da asibitin fata uku ko huɗu a cikinsa, amma ba duka ne ke da ƙwararren likitan fata ba, a dokarsu duk likita mai lasisi yana iya buɗe wurin gyaran fata. Ƙwararrun suna da alama, jan murabba'i da rubutun 피부과 전문의 a ciki, ki ajiye hoton rubutun nan a waya ki dinga gwadawa da allon ƙofa ko shafinsu. Idan kika ga an rubuta 진료과목 kafin 피부과 to likitan gama-gari ne yake aikin fata. Ba wai ba su iya ba ne, wasu hannunsu yana da kyau ƙwarai, amma ga mai baƙar fata da za a haska wa leza ni dai ƙwararre nake so.

Wuraren iri biyu ne. Akwai manya masu rassa da yawa, masu araha, mutane cike kamar tasha, likita zai shigo minti biyar ya yi aikinsa ya wuce gado na gaba. Akwai kuma ƙanana inda likitan da kansa zai zauna ya duba fuskarki ya yi miki tambayoyi, sun fi tsada. Don wankin fuska da sanyaya fata na farkon ya isa. Don tabo ko duk abin da ya shafi wuta da allura, ki ƙara kuɗi ki je na biyun.

Ki tura musu saƙo da hoton fuskarki ba kwalliya a hasken rana, ki yi tambayoyin nan: kun taɓa yi wa baƙar fata aiki, wace na'ura kuke amfani da ita gare mu, akwai tafinta na Turanci, akwai likita mace, farashin nan har da haraji ko babu, kuma kuna da rajistar karɓar baƙi 'yan ƙasar waje daga ma'aikatar lafiya. Wanda ya kauce wa tambayar farko ya koma turo miki talla, ki bar shi.

Hattara: da yawa farashin da suke sawa a talla babu harajin kashi 10 a ciki, sai wajen biya ki ga ya ƙaru.

3. Wace rana za ki sa

Mutane suna son barin asibiti sai ana gobe tafiya, ni ban yarda da hakan ba. Ki sa shi rana ta biyu ko ta uku da saukarki, kin huta gajiyar jirgi, kuma in wani abu ya taso kina gari za ki koma su gani. Ki duba kalanda kar ki faɗa cikin Seollal ko Chuseok, manyan bukukuwansu ne, wurare da yawa a rufe. Lahadi ma ƙananan asibitoci ba sa buɗewa.

4. Abin da za a yi da wanda za ki ce a'a

Masu sauƙi, waɗanda launin fata bai dame su ba: akwa fil, wato wankin ramukan fuska da ruwa da 'yar na'ura mai tsotso, da LDM mai sanyaya fata da jiƙa ta, da abin rufe fuska na roba mai sanyi da suke ƙarasawa da shi. Waɗannan kusan won 30,000 zuwa 100,000 ne gwargwadon wuri, kina tashi za ki wuce harkarki. In zuwanki na farko ne wallahi ko nan kika tsaya kin more.

Na tsakiya su ne allurai. Rejuran shi ne wanda kowa ke magana a kai, daga ƙwayar halittar kifin salmon ake yin sa, ana tsira shi ɗigo-ɗigo a fuska, akwai zafi ko da an shafa man kashe zafi, kuma za ki fito fuska duk ƙananan tudu kamar cizon sauro, kwana ɗaya zuwa biyu su kwanta. Mil 2 na allurar yakan kama won 200,000 zuwa 400,000. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce shi sai an maimaita kamar sau uku da tazarar wata-wata ake ganin aikinsa sosai, toh ke da za ki yi sau ɗaya ki hau jirgi ki lissafa ko ya cancanci kuɗin. Masu ɗaure fata irin Shurink da Ultherapy da sauti suke aiki a can ƙarƙashi, ba ruwansu da launi, amma Ultherapy ya ninka Shurink tsada sau da yawa, kuma yarinya 'yar ashirin da wani abu ba ta buƙatar ko ɗaya. Maganar halaccin irin su Botox da cika fuska kuwa ki yi ta da malaminki tun a gida, kar ki bari sai kina kan kujera ana jiran amsarki.

Sai leza, inda hatsarin yake. Haskenta baƙi yake nema, a farar fata tabon kawai take gani, a tamu kuwa duk fuskar ce baƙa, sai zafin ya bazu, fata ta ji rauni ta mayar da martani da ƙarin baƙi. IPL, wata na'urar haske mai kama da leza, ki ce a'a kai tsaye. Masu ɓare saman fata irin CO2 ma ki bar su a tafiyar 'yan kwanaki. Wadda aka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, da ƙarfi kaɗan, kuma ki ce a fara gwadawa a gefen muƙamuƙi kusa da kunne. Ko gwajin ma ba ya nuna komai nan take, baƙin yakan fito bayan kwanaki ko makonni, shi ya sa nake cewa in ba ki da yadda za ki dawo wajen likitan, ki haƙura da lezar ki nemi likitan fata a gida da ya saba da irin fatarmu.

Hattara: idan jikinki mai yin tabo ne da ke kumbura ya yi tudu, irin wanda wasu ke samu bayan hujin kunne, ki faɗa tun kafin a taɓa ki da allura ko Potenza (na'ura mai tsira ƙananan allurai da zafi) ko cire tawadar Allah.

5. Ranar asibiti

Ki je da fasfonki, ba kwalliya, ki isa minti goma kafin lokaci. Za ki cika takarda, a ɗauki hoton fuska, sai a kai ki wajen wata mata mai ba da shawara, siljang suke ce mata. Ki gane ita ba likita ba ce, aikinta ciniki ne, da fara'a da ladabi za ta nuna miki hoton fatarki a kwamfuta ta jero abu biyar ta ce in kin haɗa akwai ragi yau kaɗai. Ni a wani wuri da na fara zuwa abu ɗaya na je yi, kafin in ankara lissafi ya ninka uku har da leza a ciki, da na dage sai na ga likita shi da bakinsa ya ce kar a yi min ita. Tun daga nan na koyi in rubuta abin da nake so da iyakar kuɗina a waya in nuna, in ce sauran sai na yi magana da likita. Kuma kafin aiki ake biya, saboda haka duk gardamar ki gama ta kafin ki miƙa kati. Kar ki sayi kunshin zuwa sau biyar ko goma, yaushe za ki dawo?

Daga nan za ki sa kayanki a loka, ki wanke fuska da kanki, in akwai allura a shafa man kashe zafi ki jira minti 20 zuwa 30. Mai hijabi ki sa hula mai kama kai a ciki wadda ta bar goshi da kunne a buɗe, ki nemi ɗaki ke kaɗai don wasu wuraren labule ne kawai tsakanin gadaje kuma maza ma suna zuwa. Ki yi alwala ki yi sallarki kafin a fara, bayan allura za su ce kar ruwa ya taɓa fuska na wasu awoyi, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa salla. Kafin a tsira miki komai ki ce a buɗe kwalin a gabanki ki ɗauki hotonsa, ba rashin kunya ba ne, su kansu 'yan ƙasar haka suke yi. In kin ji zafin ƙuna wanda ya wuce misali ki ɗaga hannu a tsaya, kar ki daure don kara.

Kafin ki fita ki karɓi takarda da Turanci mai sunan abin da aka yi, sunan na'ura ko allura da yawanta. Likitanki na gida zai buƙace ta in an samu matsala.

6. Bayan an gama

Sati guda ba sauna, ba gidan wankansu na jimjilbang, ba goge fuska, ba sabon mai mai ƙarfi. Sabulu mai laushi, man jiƙa fata, man kariya daga rana, shi ke nan. Ja da ɗan kumburi na kwana biyu ba komai, amma bororo ko ruwa ko zafin da ke ƙaruwa ki koma a ranar. Lambar 1330 ta masu yawon buɗe ido ce, suna jin Turanci suna kuma taimakawa da tafinta, 119 kuma ta gaggawa.

7. Shiga kasuwa

Olive Young shi ne babban shagon, kusan kowace unguwa akwai shi. Na Myeongdong da katafaren na Seongsu sun fi kaya amma cunkoson ba a magana, ki je da safe da an buɗe, ko ki shiga na unguwar masaukinki ki duba a natse. Suna babban ragi sau huɗu a shekara, wajen farkon Maris da Yuni da Satumba da Disamba, in tafiyarki ta dace da shi kin ci riba. Ki lura da alamar 1+1, sayi ɗaya a ba ki ɗaya, da kwalaye masu ƙarin ƙaramar kwalba a ciki a farashi ɗaya. Shagon Daiso kuma komai nasu ba ya wuce won 5,000, nan ne wurin tsarabar 'yan uwa da gwada abu a ƙaramar kwalba.

Ranar farko kar ki cika kwando. Ki sayi ɗaiɗai, ki shafa a bayan kunne ko gefen wuya kwana biyu, wanda ya karɓe ki shi za ki koma ki ɗebo. A titin Myeongdong akwai masu tsayawa bakin shago suna miƙa kyauta don su ja ki ciki, a irin waɗannan wuraren ki tambayi farashin kowane abu kafin a sa a leda, ki duba rasit kafin ki fita.

Abin da ya fi cancantar kuɗinki a ganina man rana ne. Nasu ba nauyi, ba maiƙo, kuma mu da tabon kuraje ke daɗewa a fuskarmu rana ce ke ƙara dafa shi. Ki nemi SPF50+ PA++++, irin na Beauty of Joseon ko Round Lab ko Skin1004, wajen won 15,000 zuwa 25,000. Bayan shi sai masu jiƙa fata da gyara ta, Aestura Atobarrier 365 da Illiyoon don hunturu lokacin da fuska ke tsagewa, siram ɗin Torriden mai ruwa-ruwa don zafin bazara, da man wanke kwalliya. Kar ki ruɗu da zancen mataki goma, huɗu sun isa: wanki, siram ɗaya, mai, man rana.

Hattara: duk man ranar da aka rubuta 톤업 ko 무기자차 a jikinsa zai bar miki fari-fari kamar kin shafa toka. Ki nemi 유기자차, kuma ki gwada a bayan hannu ki fita waje ki gani a hasken rana, fitilar shago tana yaudara.

Hoda da fandeshan ki manta da su, lambobinsu 17 da 21 da 23 ne, duk sun yi mana haske. Kamfanin TirTir sun faɗaɗa nasu har kala 40 amma masu duhun kasuwar waje aka fi kai wa, ba lallai ki gan su a kanta a Seoul ba. Jambaki da na gira da maskara kuwa ki saya, sai dai jambakin mai ruwa-ruwa a leɓe mai duhu ba ya fitowa yadda yake a hoto, ki zaɓi mai kauri.

8. Karanta kwalba

Kalmar 미백 za ki gan ta ko'ina, Papago zai ce miki farar da fata. Ba bilicin ba ne, yawanci niacinamide ne ko arbutin masu rage tabo a hankali, launinki yana nan. Wanda za ki yi hattara da shi na kemis ne, 약국, inda ake sayar da su Melatoning da Domina, waɗannan hydroquinone ne a ciki, magani ne na ɗigawa a kan tabo na ɗan lokaci, ba man shafe fuska ba, kuma daɗewa ana shafa shi yana jawo wani baƙi mai wuyar fita. Kar ki sayo wa kowa shi a matsayin tsaraba.

Kwanan wata suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. In kin ga 제조 ranar da aka yi shi ne, 까지 kuma ranar da zai lalace. Mutane suna ganin na farkon su ɗauka an sayar musu da tsohon kaya.

Ga mu musulmi sai an duba abin da ke ciki. Kolajin wani na kifi ne wani na alade, akwai masu mahaifar dabba 태반, 돈태반 ta alade ce, akwai man doki 마유, ga kuma yauƙin dodon koɗi da COSRX suka yi suna da shi, wannan kowa da abin da ransa ya natsu da shi. Hanya mafi sauƙi ki nemi alamar 비건, ma'ana ba kayan dabba a ciki, yanzu suna da yawa. Manhajar Hwahae ma tana jero kayan haɗin kowane mai.

9. Karɓar haraji

Ki riƙe fasfonki na ainihi duk sanda za ki sayayya. A shagunan da ke da tsarin, in sayayyar ta kai won 15,000 za su duba fasfon su cire miki harajin nan take a wajen biya. Wasu kuma takarda za su ba ki, ki haɗa ta da rasit ki kai na'urar mayar da haraji a Incheon. Ba duka kashi 10 ɗin ke dawowa ba, kamfanin da ke tsakani yana cire nasa. Sharaɗin shi ne kayan su bar ƙasar cikin wata uku, kuma in kuɗin da yawa kwastam na iya cewa a nuna musu, saboda haka ki gama da su kafin ki miƙa akwati a auna.

10. Ɗaure kaya

Duk mai ruwa da ya wuce mil 100 cikin babban akwati zai shiga, har da abin rufe fuska na leda in da yawa. Ki naɗe bakin kowace kwalba da salatif, ki sa a leda mai zif, ki cusa tsakanin tufafi. Kayan nan suna da nauyin da ba a zato, kwalaye goma na abin rufe fuska kaɗai sun isa su ci miki kilo, ki auna a masauki. Na'urar fuska mai batir irin ta Medicube a jakar hannu za ta zauna. In kuma niyyarki sari ne don sayarwa a Najeriya, wannan ya zama harkar kwastam da rajistar NAFDAC, daban yake da tsaraba.

Da kin iso gida kar ki bar su a mota ko bakin taga, zafinmu yana lalata man rana da bitamin C da wuri, ki sa su a ɗaki mai sanyi ko ƙofar firji. Ki buɗe ɗaya ki yi sati biyu da shi kafin ki ƙara wani, don in kuraje suka feso ki san wanne ne ya jawo. Fuskar da aka yi wa aiki kuma wata guda cur tana buƙatar man rana kullum da safe, ki sake shafawa bayan alwalar azahar, ko da a cikin gida za ki wuni.